Riƙon Bangaskiya da Riƙon Maƙwabci: Darasin Gurku ga Kiristocin Ƙasar Keffi

Duk mai bin babbar hanyar da ta taso daga Abuja, ta ratsa Mararaba da Masaka da Uke kafin ta shiga Keffi, ba zai yi nisa ba sai ya ga hasumiyar masallaci ko allon majami'a. Ranar Juma'a sahu kan cika har ya taɓo kwalta. Ranar Lahadi da hantsi kuma matan Zumunta ne ke wucewa cikin anko, ɗauke da tulun kiɗa da littafin waƙoƙi. Sauran ranakun mako, waɗannan mutanen dai su ne a cakuɗe a kasuwa, a tashar mota, a layin ganin likita da kuma ajujuwan jami'a.

Sai dai zaman cakuɗa daban, zaman amana daban. Kiristan da ke wannan yanki a yau yana jin labarin ƙauyukan da aka tasa a kudancin jihar, da na fastocin da aka sace a Kaduna da Neja, ga tsadar rayuwa ta hana shi sakat. Akwai tambayar da ke cin masu bi da yawa a rai, ko da ba a furta ta a wa'azin Lahadi: a irin wannan hali, mene ne riƙon aminci ga Almasihu? A ja jiki a koma cikin 'yan'uwa a rufe ƙofa? A tara kuɗin barin gari? Ko kuwa akwai haƙƙin gari a wuyan mai bi, wanda Allah zai tambaye shi a kai?

An ba da amsa a aikace a nan kusa, a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Karu mai suna Gurku. Amma ba za a gane nauyin wannan amsa ba sai an san ƙasar da ake magana a kanta.

Birni da duwatsu

A farkon ƙarni na 19 Abdu Zanga, Bafulatani daga ƙasar Katsina, ya kafa Keffi, masarautar kuma ta zauna a ƙarƙashin Zazzau tana kai mata gaisuwa. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa akwai bayi cikin wannan gaisuwa, kuma hare-haren kamo su kan faɗa wa ƙabilun kewaye, abin da ya sa da yawa daga cikin Mada da Eggon suka maƙale a kan duwatsu. A Oktoban 1902 Magajin Keffi, Ɗan Yamusa, ya kashe jami'in Turawa Kyaftin Moloney, ya nufi Kano inda Sarki Alu ya karɓe shi. Turawa suka sa wannan cikin hujjojinsu na auka wa Kano a Fabrairun 1903. Dutsen da ake kira da sunan Moloney na nan a Keffi har gobe.

Da mulkin mallaka ya kafu, Turawan gwamnati suka taƙaita wa 'yan mishan shiga biranen sarakunan Musulmi, shi ya sa bishara ta fi kama ƙasa a ƙauyuka da gindin duwatsu. Mishan ɗin SIM ta zauna cikin Gbagyi a Karu, kuma daga aikinta ne ECWA ta fito a 1954. Reshen Afirka ta Kudu na mishan ɗin SUM ya fara aiki a yankin a 1916, ikilisiyar da ta tsiro daga nan, wadda aka daɗe ana kira da sunan Dutsen Mada, ita ce ERCC ta yau mai hedikwata a Alushi. Da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, harshen fada da fatauci ya zama harshen sujada ga ƙabilu masu yare daban-daban. Har yau da Hausa ake addu'a a majami'u da yawa na yankin, da ita kuma ake tafsiri a masallatan da ke maƙwabtaka da su.

Ƙirƙiro jihar Nasarawa a ranar 1 ga Oktoban 1996 ya sauya fuskar Keffi. Asibitin tarayya na FMC ya samu a 2000, jami'ar jiha ta biyo baya, tsadar haya da rusau a Abuja kuma suka riƙa koro mutane ta wannan hanya. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum sama da 90,000, kuma ko makaho ya san garin ya tumbatsa tun daga lokacin. Jikokin waɗanda suka kai hari da jikokin waɗanda suka gudu kan dutse yanzu benci ɗaya suke zama a aji, su yi hayar ɗaki a gida ɗaya a Angwan Lambu.

Kayan da ke bisa kai

In Kiristan Arewa ya yi maganar tsanani, ba shaci-faɗi yake yi ba. A Yulin 2016 aka kashe Eunice Elisha a Kubwa tana wa'azin asuba. A Fabrairun 2018 aka kwashe 'yan mata 110 a Dapchi, aka maido da sauran da suka rayu, aka riƙe Leah Sharibu saboda ta ƙi barin addininta. A Janairun 2020 Boko Haram ta kashe Rabaran Lawan Andimi, shugaban ƙungiyar CAN na Michika, bayan ya fito a bidiyo cikin natsuwa yana gode wa Allah, yana kuma roƙon iyalinsa kada su yi kuka. A Janairun 2023 aka ƙone Fada Isaac Achi a gidansa a Kafin Koro. Ana ambaton waɗannan sunaye a addu'ar dare, kuma duk wanda ya ji su zai iya tambayar kansa ko gobe shi ne.

Ita ma Nasarawa tana da nata tabon. Rikicin Bassa da Egbura ya watsa ƙauyukan Toto a ƙarshen shekarun 1990. Kisan Sarkin Azara a Yunin 2001 ya jawo ɗaukar fansa a kan Tibi. A ranar 7 ga Mayun 2013 jami'an tsaro sama da 70 suka halaka a Alakyo. A Disambar 2021 an kashe manoma da dama a yankunan Lafiya da Obi da Awe, sannan a Janairun 2023 harin jirgin sama ya kashe makiyaya kusan 40 a Rukubi da ke Doma. Wanda ya dubi wannan jeri da idon basira zai ga cewa makoki a jihar nan ya shiga gidan Kirista, ya shiga na Musulmi, kuma sau da yawa gona da sarauta da siyasa ne a ƙarƙashin rigimar.

Ga kuma yunwa, wadda ba ta tambayar suna. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. A watan Maris na 2024, ɗalibai mata biyu suka rasu a turmutsutsun rabon shinkafa a jami'ar Keffi. 'Ya'yan mutane da aka turo neman ilimi suka rasa rai a kan ƙaramin buhun shinkafa. Duk mai neman sanin ma'anar “halin da ake ciki” ya tuna da wannan safiya.

Wasiƙar da ba a so ji ba

Littafin Irmiya, sura ta 29, na ɗauke da wata wasiƙa da aka aika wa mutanen da suka fi mu shan wuya. A shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, Nebukadnezzar ya kwashe sarkin Yahuza da manyan gari da masu sana'a zuwa Babila. A Urushalima wani mai suna Hananiya ya yi ta shelar cewa cikin shekara biyu kowa zai dawo gida. Irin wannan wa'azi akwai daɗin ji, domin yana cewa kada ka kwance kayanka, kada ka saba da kowa, tafiya ta kusa.

Irmiya ya rubuta musu akasin haka. Ya ce zaman zai kai shekara 70. Ya umarce su da su yi gini, su yi shuka, su aurar da 'ya'yansu, sannan ya ɗora musu abin da ya fi kowanne nauyi: su yi wa birnin da ya ci su da yaƙi fatan alheri, su yi aiki dominsa, su riƙa sa shi a addu'a, domin lafiyarsu a ɗaure take da lafiyarsa. Shi kansa bai tsaya a baki ba. A sura ta 32, yana tsare, sojojin Babila sun kewaye Urushalima, ya auna azurfa ya sayi gonar danginsa a Anatot, ya sa aka adana takardar cinikin a cikin tulu don ta daɗe.

Abu biyu ya kamata mai karatu ya lura da su. Na farko, wasiƙar ba ta wanke Babila ba. Littafin nan dai ya yi doguwar magana kan hukuncin da ke jiran ta. Daniyel ma ya yi wa sarakunan ƙasar aiki da gaskiya, amma da aka hana addu'a bai bari ba, har aka jefa shi ramin zakoki. Ashe ana iya yi wa gari hidima ba tare da an sayar da bangaskiya ba, ana kuma iya tsayawa kan bangaskiya ba tare da an juya wa gari baya ba. Na biyu, Kiristan Keffi ba kamamme ba ne. Da yawa a nan aka binne cibiyarsu, sauran kuma 'yan ƙasa ne da tsarin mulki ya ba damar zama ko'ina. In an ɗora wa wanda aka kawo cikin sarƙa nauyin neman alherin gari, ina ga wanda garin nasa ne?

Gurku: waɗanda aka kora suka gina ƙauye tare

Shekarar 2014 ita ce mafi muni a tarihin Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN. Mafi yawan 'yan matan Chibok 276 da aka sace a Afrilu 'ya'yanta ne. Gwoza ta faɗi a Agusta, Madagali da Michika suka biyo baya, a ƙarshen Oktoba kuma mayaƙa suka mamaye hedikwatar ikilisiyar a Kwarhi, kusa da Mubi. An ƙone majami'unta ba adadi, mambobinta suka warwatsu cikin duwatsu, da Kamaru, da Yola, da Jos, da kewayen Abuja.

Cikin waɗanda abin ya shafa akwai Markus Gamache, ma'aikacin EYN ɗan ƙasar Madagali, wanda gidansa na Jos ya cika da masu gudun hijira. Shi da abokan aikinsa, Kirista da Musulmi, a ƙungiyar Lifeline Compassionate Global Initiatives, suka samu fili a Gurku, suka fara gina matsuguni da taimakon ikilisiyar Church of the Brethren ta Amurka da wasu masu tallafi daga Turai. An yi bikin buɗe wurin a watan Mayun 2015. Sharaɗinsu shi ne abin da ya bambanta Gurku da sauran sansanoni: za a zaunar da iyalan Kirista da na Musulmi a wuri ɗaya, gida kusa da gida. Masu gudun hijirar suka sa hannu a aikin ginin. Aka yi majami'a, aka yi masallaci, aka yi makaranta da ɗakin shan magani na kowa da kowa.

Sai mutum ya tuna daga inda waɗannan bayin Allah suka fito kafin ya gane girman abin. A wasu garuruwan Gwoza da Madagali, wanda ya nuna gidan da za a ƙone ba baƙo ba ne, yaron unguwa ne da aka sani da sunan uwarsa. Matar da ta ga haka da idonta, in ta ce ba za ta sake kwana kusa da Musulmi ba, wa zai ga laifinta? Amma masu kafa Gurku sun dubi wata gaskiyar da ɗaci ke rufewa: Boko Haram ta kashe limamai da sarakuna da talakawan Musulmi, kuma akwai Musulmin da suka ɓoye Kirista a ɗakunansu har ƙura ta lafa. Sun kuma hango cewa yaran da suka tashi a sansani na addini ɗaya, ba su san ɗaya ɓangaren ba sai a labarin kisa, su ne itacen wutar gobe.

Ba Gamache kaɗai ya bi wannan hanya ba. Dakta Rebecca Dali, ita ma 'yar EYN, wadda ɗanta ya ɓace a rikicin Jos, ta ci gaba da kai agaji ga zawarawa da marayu na addinan biyu ta ƙungiyarta ta CCEPI, har aka ba ta lambar yabo ta Sergio Vieira de Mello a 2017. A Kaduna, Fasto James Wuye, wanda ya rasa hannu a faɗan 1992, ya haɗa kai da tsohon abokin gabarsa Imam Muhammad Ashafa tun 1995 suna sasanta al'ummomi, ciki har da Yelwan Shendam. Babu ɗaya daga cikinsu da ya sassauta aƙidarsa. Abin da suka ƙi shi ne su bar wanda ya cuce su ya koya musu yadda za su zauna da maƙwabci.

Tsohon gado ne

Wannan hali ba baƙo ba ne a ikilisiyar Arewa. A ƙarshen shekarun 1930 'yan mishan suka karɓi kula da kutare a Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato, lokacin da dangi ma kan guji mai cutar. Asibitin ido na ECWA da ke Kano yana aiki tun 1943, na Galmi a Jamhuriyar Nijar tun 1950, kuma akasarin masu kwanciya a gadajensu Musulmi ne. A wannan jiha akwai asibitin ERCC na Alushi da na OLA a Akwanga, ga Jami'ar Bingham da ECWA ta kafa a 2005, wadda ke bakin hanyar Abuja zuwa Keffi.

Alherin kuma bai taɓa zama na gefe ɗaya ba. Kowane ɗan makarantar Islamiyya ya san cewa sahabban Annabi Muhammadu (SAW) da suka gudu daga Makka sun samu mafaka ne wurin Najjashi, sarkin Habasha, ƙasar Kirista. A Yunin 2018 kuma Imam Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi ya ɓoye mutum sama da 260, akasarinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana maharan shiga. Mai bin da ya san wannan labari ba shi da hujjar yi wa Musulmi kuɗin goro.

Inda ake tuntuɓe

Gaskiya ɗaya ce, ba kullum ikilisiya ke cin wannan jarrabawa ba. Tuntuɓe na farko shi ne ware kai. Bayan rikicin 2000 da na 2002, Kaduna ta rabu kusan gida biyu, kogi ya zama iyaka; Jos ma ta bi sahu bayan 2001. Keffi ba ta kai nan ba, amma irin wannan rabuwa ba da rana ɗaya take zuwa ba. Tana farawa ne daga mai gidan da ke tambayar addinin mai neman haya, da dillalin fili da ke raɗa wa mai saye cewa “nan unguwar namu ce”.

Na biyu shi ne jita-jita. Hoton gawa daga wata ƙasa kan shigo zauren WhatsApp na matasan coci da sunan wani ƙauye na kusa, a tura shi gaba kafin a tambayi kowa. Dokar Allah da ta hana shaidar zur ba ta ware waya ba.

Na uku shi ne siyasa. Zaɓen gwamna na 2023 tsakanin Abdullahi Sule da David Ombugadu, wanda ya bi kotuna har Kotun Ƙoli ta tabbatar da Sule a Janairun 2024, ya nuna yadda ake saurin karanta komai da tabaran addini a jihar nan. Kirista na da koke-koke game da rabon muƙamai, da filin gina majami'a, da tsaron ƙauyuka, kuma neman alherin gari bai ce a haɗiye su ba. Irmiya da kansa ya sha ɗauri saboda faɗa wa sarakuna gaskiya. A kai kuka kotu, a kai fada, a kai akwatin zaɓe. Amma bakin da ya yi kukan manoman Obi, ya yi shiru kan makiyayan Rukubi, ya rage wa kansa ƙarfin da zai nemi adalci da shi.

Abin da ke hannun ikilisiya

Ba sai an jira tallafi daga Turai ba kafin a yi koyi da Gurku. Majami'ar da ta haƙa rijiyar burtsatse tana iya fito da famfo ɗaya wajen katanga, unguwa ta sha. Matasan da ke kwana suna gadin coci suna iya haɗa sintiri da matasan masallaci, tunda ɓarawo da mai garkuwa da mutane ba sa duba ranar ibadar wanda za su kama. Ƙungiyar matasa na iya sa ranar ba da jini a FMC, inda mai naƙuda da wanda ya yi hatsari a hanyar Akwanga ke jira. Zumuntar Mata, wadda ta fi kowa sanin gidan da ba a ɗora tukunya ba, tana iya sa gwauruwar da ke salla cikin jerin masu karɓar hatsi. Dattawan ikilisiya su san ɗaliban da ke kwana da yunwa a gidajen haya, su leƙa gidan yari, su je gaisuwar mutuwa da suna a gidan maƙwabci ba sai an aiko musu ba. Fasto da limamin unguwa su riƙe lambar juna tun ana zaman lafiya, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Amana kuwa ba ta tsayuwa da ƙafa ɗaya. Akwai haƙƙi a kan gwamnati ta hukunta mai kisa ko wane ne shi, akwai a kan fadar Sarkin Keffi, Dakta Shehu Chindo Yamusa na III, da masu unguwanni su ci gaba da zama inuwar kowa, akwai kuma a kan maƙwabci Musulmi ya tsawata wa nasa in ya ji ana cin mutuncin Kirista. Amma mai bi ba zai jingine nasa nauyin har sai kowa ya sauke nasa ba, domin Ubangijinsa bai gindaya masa wannan sharaɗi ba a lokacin da ya umarce shi da ƙaunar maƙwabci, har ma da maƙiyi.

Gari rijiya ɗaya ce: wanda ya bari ta gurɓace don ba shi ya haƙa ba, shi ma daga ita zai sha. Tsananin da ake ciki zai iya daɗewa, kuma ba wanda ke da ikon yi wa Kiristan Keffi alkawarin cewa alherinsa zai kare shi daga cuta. Abin da ke hannunsa shi ne ya ƙi musun Almasihu da bakinsa in an matsa masa, ya kuma ƙi musunsa da halinsa in maƙwabci na cikin buƙata. Mutanen da aka ƙone wa gidaje a Gwoza da Madagali sun iya yin duka biyun a Gurku. Waɗanda gidajensu ke tsaye a Keffi ba su da uzurin kasawa.